Daga Iyana Ipaja Zuwa Gaɓar Atlantika: Bakin Teku Masu Ban Al'ajabi, Da Wanda Legas Ta Rasa

Tsakanin mahaɗar Iyana Ipaja da gaɓar Tekun Atlantika tafiyar kilomita 30 ce da 'yan kai. Duk da haka, a unguwannin Hausawa na wannan shiyya ta Legas, daga Agege zuwa Dopemu har Abule Egba, ba a rasa magidancin da ya shekara goma yana neman halaliyarsa a Ikko, bai taɓa tsayawa ya ga inda ruwa ya haɗe da sararin sama ba. Cunkoson ababen hawa na cinye masa yini, in kuma ya daure ya isa, sai ya tarar da shinge da mai karɓar kuɗin shiga.

Ma'aikacin tarayya da ake turowa daga Abuja bai fi shi ba. Daga filin jirgin sama na Murtala Muhammed sai masauki, daga masauki sai zauren taro, daga nan sai komawa. Wasu ma a sansanin masu yi wa ƙasa hidima na Iyana Ipaja suka fara sanin Legas, suka gama makonni uku na horo suka watse, teku kuwa sai a hoto.

Najeriya na da gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 853, kusan 180 daga ciki a Jihar Legas. Amma bakin teku ba ya jiran kowa. Rairayi ne da ruwa ya ajiye, ruwan kuma yana iya ɗauke abinsa. In ruwa bai ɗauka ba, takardar kwangila na iya ɗauka. Wuraren da duniya ke tururuwar gani a yau sun wanzu ne domin an sami masu tsare su. Legas kuwa ta riga ta yi asarar wanda ya fi kowanne suna a cikin nata.

Kuɗin Bahaushe daga bakin teku ya fito

Wanda ke ganin Bahaushe ba shi da haɗi da teku, ya dubi kalmar da ya fi furtawa a kasuwa. Asalin kuɗi jam'in wuri ne, wato ɗan farin ƙoƙon nan da kakanni suka yi ciniki da shi. Mafi yawan wurin da ya cika kasuwar Kurmi ta Kano a wancan zamani daga tsibiran Maldibs da ke Tekun Indiya aka kwaso shi. Mutanen can sukan jefa ganyen kwakwa a ruwa mara zurfi, 'yan halittun su manne a jiki, a jawo su gaɓa, a binne cikin rairayi har naman ya ruɓe, a wanke ƙoƙon a ƙulla a damtse.

Ibn Baɗuɗa, wanda ya yi alƙalanci a tsibiran a shekarun 1340, ya ga yadda ake tara shi, daga baya kuma ya tarar ana sayayya da irinsa a Mali da Gao. Bayan zamaninsa, jiragen Turawa suka riƙa loda shi, su bi ta Amsterdam da Landan, su sauke a Ouidah da Badagry da Legas, galibi a musayar bayi. Daga gaɓa fatake suka haura da shi Arewa. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, wuri 2,500 ne ke daidai da dalar azurfa ɗaya.

Tsibiran da suka ba Hausawa kuɗi har yau suna da abin kallo. A tsibirin Vaadhoo, a wasu darare, bakin ruwan yakan yi ƙyalli shuɗi-shuɗi kamar an watsa taurari a ƙasa. Wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya rarrabewa, masu fitar da haske idan igiyar ruwa ta motsa su. Sai dai ƙasar ce mafi kwanciya a duniya, mafi yawanta da ƙyar ta ɗara teku da mita ɗaya. Domin jawo hankalin duniya ga wannan haɗari ne Shugaba Mohamed Nasheed ya jagoranci zaman majalisar ministocinsa a ƙarƙashin ruwa a watan Oktoban 2009, kowa sanye da kayan ninƙaya.

Inda rairayi ya sauya launi

Launin rairayi shaida ne na abin da teku ya niƙa. A Reynisfjara, kusa da ƙauyen Vik a kudancin Aisland, rairayin baƙi ne wuluk kamar garin gawayi, domin narkakken dutsen aman wuta ne ya daskare, ruwa ya farfasa shi. A gefe ga ginshiƙan dutse jere reras kamar magini ne ya sassaƙa su. Wurin na da kyau, yana kuma da kisa: wata irin igiya takan taso ba zato ta wuce inda sauran ke tsayawa, ta sha janye masu ɗaukar hoto. Hukumomi sun kafa fitilun gargaɗi a mashigar wurin.

A Papakolea da ke tsibirin Hawai na Amurka, rairayin kore ne, saboda wani ma'adini mai suna olibin da ke zubowa daga tsohon tudun aman wuta. Ya fi sauran yashi nauyi, don haka ruwa ke kwashe marar nauyin ya bar shi. A tsibirin Harbour na Bahamas kuwa, kusan kilomita 5 na gaɓa ruwan hoda ne, sakamakon jajayen ƙoƙunan wasu ƙananan halittun ruwa da suka gauraye da farin yashi.

Akwai ma inda babu rairayi sam. A yankin Shark Bay na yammacin Ostireliya, gaɓa mai tsawon kimanin kilomita 60 ƙoƙunan ƙananan katantanwa ne zalla, tulin da a wasu wurare ya kai zurfin mita 10. Gishirin ruwan wurin ya ninka na sauran teku, masu cin katantanwar ba sa iya zama, ita kuwa ta yi ta hayayyafa. Mazaunan farko na garin Denham sun yanka tubala daga ƙoƙunan da suka dunƙule, suka yi gini da su.

Mafi ban mamaki shi ne wanda ɗan'adam ya haifar ba da niyya ba. Daga 1906 zuwa 1967 mutanen Fort Bragg a Kalifoniya sun mayar da gaɓarsu juji, suna zubar da kwalabe da tarkacen gida. Bayan an hana, teku ya shafe shekaru yana goge fasassun kwalaben har suka zama 'yan duwatsu masu santsi, kore da fari da ruwan ƙasa. Jujin jiya ya zama wurin yawon buɗe ido. Yanzu kuma gilashin na ƙarewa, domin kowane baƙo sai ya cika aljihu kafin ya tafi.

Inda hamada da jirgin sama suka sauka a ruwa

Ɗan Arewa da ya san tuddan rairayi na Yusufari ko na Agadas zai fi kowa fahimtar gaɓar Namibiya, inda hamadar Namib ke gangarowa kai-tsaye cikin Atlantika, babu daji babu fadama a tsakani. Hazo da igiya sun halaka jirage da dama a wannan gaɓa. Jirgin Jamus mai suna Eduard Bohlen, wanda ya kafe a 1909, yau yana kwance cikin rairayi ɗaruruwan mita nesa da ruwa, domin hamadar ta ci gaba da tura gaɓar cikin teku.

Kusa da gida, a kudancin garin Kribi na Kamaru, kogin Lobe yana zubowa daga kan duwatsu ya faɗa cikin teku kai-tsaye, abin da ba a cika gani ba a duniya. A tsibirin Barra na Sikotland, rairayin gaɓa shi ne titin saukar jiragen fasinja da ke zuwa daga Glasgow. Idan ruwa ya cika ya rufe filin, jirgi sai ya jira, don haka janyewar teku ce ke tsara jadawalin tashi. A Boulders kusa da Cape Town, tsuntsayen fengwin da suka fara zama a farkon shekarun 1980 suna yawo kusa da masu wanka, ko da yake a 2024 an sanya jinsinsu cikin waɗanda ke dab da ƙarewa.

Waɗanda aka rufe domin su rayu

Darasin da ya fi shafar masu riƙe da ofis yana kudu maso gabashin Asiya. Maya Bay a Tailan wani ɗan lungun ruwa ne da dogayen duwatsu suka kewaye. Bayan wani fim na Amurka da aka ɗauka a can ya fito a 2000, baƙi suka yi masa ca, har ana ƙiyasta mutum 5,000 a rana. Ƙarafan tsayar da jirage suka ragargaza murjanin ƙarƙashin ruwa. A watan Yunin 2018 hukumar gandun daji ta rufe wurin, ba ta buɗe ba sai Janairun 2022, da sharuɗɗa: ba ninƙaya, jirage su tsaya ta bayan tsibiri, a kuma taƙaita yawan masu shiga. Kafin a buɗe, kifayen da suka gudu sun dawo.

A Filifin, Shugaba Rodrigo Duterte ya rufe tsibirin Boracay na tsawon wata shida daga 26 ga Afrilun 2018, bayan an gano otal-otal na zuba ruwan masai cikin teku. Aka rushe gine-ginen da suka shiga cikin mita 30 daga bakin ruwa. Dubban ma'aikata sun ji jiki a watannin, amma tsibirin ya dawo da kasuwarsa. A Sardiniya ta Italiya kuwa, tun 2017 ɗaukar rairayi ko tsakuwa daga gaɓa laifi ne da tararsa ke kai wa Yuro 3,000.

Abin da ya haɗa waɗannan wurare shi ne hukuma ta ɗauki rairayi a matsayin dukiyar da ke iya ƙarewa, ta kuma yarda ta yi asarar kuɗin shekara guda domin kada ta yi asarar wurin har abada.

Bar Beach: gaɓar da ta zama birni

Duk wanda ya yi aikin gwamnati a Legas kafin a mayar da babban birni Abuja a ranar 12 ga Disambar 1991 ya san Bar Beach. Tana shimfiɗe ne a gefen titin Ahmadu Bello a Victoria Island, inda ofisoshin jihohi da dama suke. Ranakun Sallah da Kirsimeti, masinja da babban sakatare a rairayi ɗaya suke zama. Ga masu dawaki suna ɗora yara, ga masu tsire, ga mabiya majami'u masu fararen riguna suna addu'a a gefe. Tana da nata baƙin tarihin: a nan gwamnatin soja ta riƙa harbe 'yan fashi a bainar jama'a, ciki har da Ishola Oyenusi a ranar 8 ga Satumbar 1971, a gaban dubban 'yan kallo.

Ajalinta tun zamanin Turawa aka rubuta shi. A da, wani tudun yashi ne ya tokare bakin mashigar Legas, shi ne ma asalin sunan wurin, kuma saboda shi manyan jirage ke tsayawa a waje, a kwaso fasinja da ƙananan jirage. Tsakanin 1908 da 1912 Turawan mulki suka gina dogayen katangu na dutse da suka miƙe cikin teku domin buɗe wa jirage hanya. Tashar jiragen ruwa ta samu, amma aka taɓa wani tsari na halitta. A wannan gaɓa, igiya tana tura yashi ne daga yamma zuwa gabas. Katangar yamma ta tare shi, ya yi ta taruwa a can. Ɓangaren gabas, inda Bar Beach take, ya daina samun sabon yashi, ruwa kuma bai daina kwashe na da ba.

Daga ƙarshen shekarun 1950 gwamnatoci suka yi ta zuba yashi, teku na lashewa. A cikin ƙarni guda gaɓar ta ja baya da fiye da kilomita ɗaya. Zuwa farkon shekarun 2000, ruwa na tsallakowa kan titin Ahmadu Bello ya shiga harabar ofisoshi. Maganin da aka zaɓa shi ne Eko Atlantic: a ciko yashi daga ƙasan teku, a samar da fili mai faɗin murabba'in kilomita 10, a kewaye shi da katangar da aka tsara za ta kai kilomita 8.5, wadda aka jera wa tubalan kankare masu nauyin tan 5 kowanne. Kamfanin South Energyx na rukunin Chagoury ya fara aikin a 2008, kuma a watan Fabrairun 2013 Shugaba Goodluck Jonathan da tsohon shugaban Amurka Bill Clinton suka halarci bikin ƙaddamarwa. A 2022 Amurka ta aza harsashin sabon ƙaramin ofishin jakadancinta a kan wannan fili.

Katangar ta kare Victoria Island, wannan babu musu. Sai dai inda talaka ke shimfiɗa tabarma a da, yau filaye ne da ake sayarwa da dala. Mazauna ƙauyukan gabas, irin su Okun Alfa, suna kukan cewa zaizaya ta ƙaru a wajensu, masu aikin kuma sun musanta cewa su ne sanadi. A watan Agustan 2012 wata igiya ta afka wa Kuramo, maƙwabciyar Bar Beach, ta tafi da rayuka fiye da goma, daga nan hukuma ta rushe rumfunan wurin. A ƙarshen Afrilun 2024 kuma aka rushe gaɓar shaƙatawa ta Landmark domin titin bakin teku na Legas zuwa Kalaba mai tsawon kilomita 700. Ma'aikatar Ayyuka ta ce filin yana kan hanyar da doka ta ware wa Gwamnatin Tarayya; masu wurin suka ce dubban mutane sun rasa abin yi.

A duk lokacin da aka rufe wata gaɓa, akwai waɗanda ba a lissafa su a takardar diyya. Da yawa daga cikin masu dawakin haya a bakin tekun Legas 'yan Arewa ne, haka masu tsire da masu shayi da masu tallar dabino da kayan fata. Ba su da takardar fili, ba su da rumfar da za a kimanta. Abin da suke yi shi ne su ja linzami su ƙara gaba zuwa gabas, inda sai an biya kafin a shiga.

Abin da ya rage, da hanyar zuwa

Ga mazaunin Iyana Ipaja ko baƙon da ke da yini guda, wurare biyu sun cancanci wahalar tafiya.

Na farko Tarkwa Bay, wadda katangun da suka kashe Bar Beach ne suka haife ta. Tana cikin lungun da suka kare daga manyan igiyoyi, don haka ruwanta ya fi na sauran gaɓar Legas kwanciya. Mota ba ta zuwa, sai jirgin ruwa, tafiyar kimanin minti 20 daga Marina ko Victoria Island. Daga nan mutum na kallon manyan jiragen dakon kaya suna wucewa dab da shi zuwa Apapa, a bayanta kuma ga tsohuwar hasumiyar haska wa jirage hanya. Daga Iyana Ipaja ana iya hawa doguwar motar BRT ta layin Abule Egba zuwa Oshodi, ko jirgin ƙasa na Jan Layi daga Agege zuwa Oyingbo, sannan a ƙarasa Marina. Ita ma ba ta tsira ba: a watan Janairun 2020 sojojin ruwa sun tashi dubban mazauna yankin bisa zargin fasa bututun mai.

Na biyu Badagry, kuma ita ce ta fi kusa da tarihin Hausawa. Daga Iyana Ipaja sai a bi ta Egbeda da Igando zuwa Iyana Iba, kusa da kasuwar dabbobi ta Alaba Rago, a hau babban titin da ya nufi iyakar Seme. A garin akwai bene na farko da 'yan mishan suka gina a 1845, da kurkukun bayi na Seriki Williams Abass, wanda shi kansa an taɓa bautar da shi kafin ya zama dillali, sarautarsa kuma daga kalmar Sarki aka aro ta. Daga nan ake tsallaka ruwa a kwalekwale zuwa tsibirin Gberefu, a taka sawun da bayi suka taka, a wuce rijiyar da ake cewa an riƙa shayar da su ruwanta domin su manta gida, har a fito bakin Atlantika, wurin da ake kira inda ba a dawowa.

Cikin waɗanda aka fitar ta tashoshin wannan gaɓa a farkon ƙarni na 19 akwai Hausawa masu yawa, waɗanda yaƙe-yaƙen zamanin suka jefa hannun dillalai. A Bahia ta Burazil aka sauke su, kuma ba su sunkuyar da kai ba. An bankaɗo shirinsu na tawaye a 1807, sannan a watan Fabrairun 1814 bayin da ke aikin kamun kifi a gaɓar Itapua, akasarinsu Hausawa, suka yi bore. Daga Badagry ɗin dai Hugh Clapperton ya tashi a Disambar 1825 a kan hanyarsa ta zuwa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya kuma rasu a Sakkwato a Afrilun 1827. Titin Sakkwato zuwa Badagry mai tsawon kilomita 1,068, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Oktoban 2024, waɗannan garuruwa biyu zai haɗa.

Su kansu Hausawan Agege wata hanyar ce ta kawo su: gonakin goro da tashar jirgin ƙasa, musamman bayan layin dogo ya isa Kano a 1911. Sun zo Kurmi neman goro, suka kafa zango suka hayayyafa, jikokinsu na zaune yau tafiyar 'yan sa'o'i daga gaɓar da aka fitar da 'yan'uwan kakanninsu. Ziyarar Gberefu da yara ta fi darasin aji.

Gabas da birni, a Elegushi da Eleko, akwai gaɓa mai faɗi da itatuwan kwakwa, sai dai galibi a hannun iyalai da kamfanoni take, kuma shiga sai da kuɗi.

Ruwa ba sa'an kwando ba ne

Wanda ya koyi iyo a Tiga ko a kogin Kaduna kada ya ɗauka ya san Atlantika. Gaɓar Legas tana da gangara, igiyarta na da ƙarfi, kuma akwai wani jan ruwa da ke komawa cikin teku da sauri. Wanda ya faɗa cikinsa kada ya yi kokawar dawowa kai-tsaye, domin gajiya ce ke kashewa. Ya yi iyo a gicciye, daidai da tsawon gaɓa, har ya fita daga jan. Wanda bai iya ruwa ba kada ya wuce gwiwa, kada kuma ya juya wa teku baya domin hoto. A riƙe hannun yara. A sa rigar kariya kafin jirgi ya tashi, a kuma dawo kafin duhu. Watannin rani, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sun fi damina kwanciyar ruwa.

Fayil ɗin yana Abuja

Makomar waɗannan wurare ba a bakin ruwa ake yanke ta ba, a kan tebur ake yankewa, kuma da yawan teburan suna Abuja. A watan Agustan 2023 aka kafa Ma'aikatar Harkokin Teku da Tattalin Arzikin Ruwa. A Oktoban 2024 aka haɗe yawon buɗe ido da Ma'aikatar Fasaha da Al'adu, wadda a lokacin take ƙarƙashin Hannatu Musawa. Ma'aikatar Muhalli ce ke amincewa da rahoton tasirin manyan ayyuka bisa dokar 1992. Cibiyar binciken teku ta ƙasa, wadda aka kafa a 1975, tana nan a Victoria Island, 'yan taku daga inda Bar Beach take a da. Hukumomi ba su yi kaɗan ba. Abin da ya warwatse shi ne iko, tsakanin tarayya da jiha da iyalan da ke da filaye.

Wasu ƙasashe sun warware wannan da doka. Kundin tsarin mulkin Burazil na 1988 ya sanya bakin teku cikin dukiyar tarayya, doka kuma ta ba kowa damar isa gare shi kyauta. Dokar gaɓa ta Faransa ta 1986 ta hana gini cikin mita 100 daga bakin ruwa a wajen garuruwa, ta kuma tabbatar wa mai tafiya a ƙasa hanyar shiga. Otal na iya sayar da kujera da lema, amma ba ya mallakar rairayin.

Tambayoyin da ya kamata mai rubuta wa minista takarda ya saka a ciki ba su da wuya. Idan aka gina katanga a nan, ina yashin zai daina zuwa? Idan titi ya bi ta gaɓa, ta ina mai ƙafa zai tsallaka ya isa ruwa? A kowace ƙaramar hukuma da ke bakin teku, ina yankin da aka bar wa jama'a ba tare da shinge ba? Wa ke ƙirga yashin da masu haƙa ke kwashewa? Garin Ayetoro na Jihar Ondo, wanda aka kafa a 1947, yana nan yana kallon teku na cinye titunansa ɗaya bayan ɗaya, duk da kwangilolin kariya da aka sha bayarwa.

Gani ya kori ji. Jami'in da aikin ofis ya kai shi Legas, ya ware rabin yini ya tsallaka Tarkwa Bay ko ya gangara Badagry. Idan fayil ɗin gaɓar ya iso teburinsa bayan haka, zai san abin da yake sa wa hannu.